Doki a Matsayin Abokin Aikin Likita: Abin da Ɗalibi ke Koyo a Cibiyar Hawan Doki ta Yara Masu Nakasa

Gabatarwa

A shekarar 1952 aka gudanar da wasannin Olamfik a birnin Helsinki na ƙasar Finlan. A wannan karo ne aka fara ba mata damar shiga gasar sarrafa doki, wato gasar da ake auna ladabin doki da gwanintar mahayinsa wajen juya shi ba tare da an ga alamar umurni ba. Daga cikin matan da suka shiga akwai wata 'yar ƙasar Danmak mai suna Lis Hartel, wadda cutar shan-inna ta kama a 1944, tana da shekara 23, kuma tana ɗauke da juna biyu. Cutar ta bar ta da shanyayyun ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa, hannayenta ma ba su tsira ba. Sai an ɗora ta bisa doki, kuma sai an sauke ta. Duk da haka ita ce ta zo ta biyu, ta sami lambar azurfa bisa goɗiyarta mai suna Jubilee. Da lokacin raba lambobi ya yi, wanda ya zo na ɗaya, Henri Saint Cyr na ƙasar Suwidin, shi ne ya taimaka mata daga kan doki zuwa dandamali. A 1956 ta sake cin lambar azurfa a birnin Stockholm.

Wannan nasara ta jawo hankalin likitoci da masu aikin gashin jiki zuwa ga wata tambaya: shin hawan doki yana da wani tasiri a kan tsoka da jijiyar da cuta ta raunana? Daga ƙoƙarin amsa tambayar ne aka sami wani fanni da yau ke da ɗaruruwan cibiyoyi a Turai da Amurka da wasu sassan duniya, inda ake ɗora yara masu nakasa bisa dawaki cikin tsari da kulawa. Irin waɗannan cibiyoyi sukan karɓi ɗaliban jami'a domin sanin makamar aiki. Wannan maƙala za ta bayyana kimiyyar da ke ƙarƙashin aikin, da abin da ɗalibi ke koyo a can, da haɗarin da ke ciki, da kuma abin da bincike ya tabbatar da wanda bai tabbatar ba.

Taƙaitaccen Tarihi

Shekarun 1940 da 1950 lokaci ne da shan-inna ta addabi ƙasashen Turai, domin sai a 1955 aka fara amfani da allurar rigakafinta. Birnin Kwafanhagan kansa ya ga mummunar annobar cutar a 1952. Saboda haka akwai dubban yara da suka tsira da rai amma suka rasa ƙarfin gaɓoɓi. A ƙasar Nowe wata ma'aikaciyar gashin jiki mai suna Elsebet Bodtker, wadda kuma gwanar hawa ce, ta fara ɗora irin waɗannan yara bisa ƙananan dawaki a farkon shekarun 1950. Daga nan al'amarin ya bazu zuwa Birtaniya da Jamus.

A 1969 aka kafa manyan ƙungiyoyi biyu. A Birtaniya aka kafa ƙungiyar hawan doki ta nakasassu da ake taƙaita sunanta da RDA, wadda Gimbiya Anne ke shugabanta tun 1985. A Amurka kuma aka kafa NARHA, wadda ta sauya suna zuwa PATH International a 2011. Jamusawa suka kafa tasu hukumar a 1970, kuma a shekarar ce Cibiyar Cheff ta buɗe a jihar Mishigan ta Amurka. A 1992 likitocin gashin jiki na Amurka suka kafa ƙungiyarsu ta masu amfani da doki wajen jiyya. Gasar sarrafa doki ta shiga wasannin Olamfik na nakasassu a birnin Atlanta a 1996, kuma daga cikin fitattun da ta haifar akwai Lee Pearson na Birtaniya, wanda aka haifa da lanƙwasassun gaɓoɓi, ya kuma tara lambobin zinariya 14.

Hanyoyi Biyu da Ake Yawan Rikitawa

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne bambanci tsakanin ayyuka biyu masu kama da juna. Na ɗaya shi ne koyar da hawa ga mai nakasa. A nan malamin hawa ne ke jagora, kuma manufarsa ita ce yaro ya iya riƙe linzami, ya tsayar da doki, ya juya shi dama ko hagu, gwargwadon abin da jikinsa zai iya. Duk wata fa'ida ta lafiya da aka samu riba ce da ta biyo bayan darasi.

Na biyu shi ne abin da ake kira hifotarafi, daga kalmar Girkanci "hippos", wato doki. A nan likitan fisiyo, ko mai koyar da ayyukan yau da kullum ga majiyyata, ko mai gyaran magana, shi ne ke jagora. Yaro ba ya sarrafa doki ko kaɗan. Motsin bayan dokin ne ake amfani da shi kamar yadda ake amfani da kowane kayan aiki na ɗakin gashi. Sau da yawa ba a ɗaura sirdi, sai shimfiɗa mai kauri da majayi mai mariƙa, domin motsi da ɗumin doki su riski yaro kai tsaye. Ana iya zaunar da shi yana fuskantar gaba, ko baya, ko gefe, ko ma a kwantar da shi rub da ciki, bisa ga tsokar da likita ke son ta yi aiki.

Kimiyyar Tafiyar Doki

Sirrin al'amarin yana cikin tafiyar doki ta hankali, ba sassarfa ko sukuwa ba. Idan doki na tafiya, kofatansa huɗu suna taɓa ƙasa ɗaya bayan ɗaya: ƙafar baya ta hagu, ta gaba ta hagu, ta baya ta dama, sannan ta gaba ta dama. A yayin da ƙafar baya ta tashi ta shiga ƙarƙashin cikinsa, kwatangwalonsa na wannan ɓangare yakan yi ƙasa, cikinsa kuma ya karkata zuwa ɗaya ɓangaren. Sakamakon haka ƙugun wanda ke zaune bisa bayansa yana motsi ta fuska uku a lokaci guda: gaba da baya, dama da hagu, da kuma ɗan juyawa kamar murfin tulu.

Abin lura shi ne, irin waɗannan motsi uku ne ƙugun ɗan Adam ke yi idan yana tafiya da ƙafafunsa. Mai karatu na iya gwadawa: ya ɗora tafin hannuwansa bisa ƙasusuwan ƙugunsa ya yi taku goma a hankali, zai ji ɓangaren da ƙafarsa ta tashi yana yin ƙasa yana kuma matsawa gaba. Ke nan yaron da bai taɓa tafiya ba, ko wanda tafiyarsa ta karkace, idan ya zauna bisa doki, ƙugunsa da gangar jikinsa suna ɗanɗana motsi mai kama da na tafiya daidai, alhali ƙafafunsa ba su ɗauki nauyin komai ba.

Matsakaicin doki yakan yi taku wajen 100 a minti guda. A darasin minti 30 ke nan jikin yaro zai karɓi girgiza kusan 3,000, kuma kowace ɗaya tana tilasta wa tsokokin ciki da na baya da na wuya su yi ɗan gyara domin kada ya faɗi. In ana darasi sau biyu a mako har mako takwas, lissafin ya kai 48,000. Da wuya a sami yaron da zai yarda ya maimaita motsa jiki sau dubu uku a ɗakin asibiti, amma bisa doki yakan yi yana dariya. Maimaici kuwa shi ne hanyar da ƙwaƙwalwa ke ƙarfafa mahaɗan jijiyoyinta, musamman a ƙuruciya.

Yadda Jiki ke Tsayar da Kansa

Domin mutum ya zauna ko ya tsaya ba tare da faɗuwa ba, ƙwaƙwalwa na dogara da labarai daga wurare uku. Na farko idanu. Na biyu cikin kunne, inda akwai wasu ƙananan bututu uku masu siffar baka, cike da ruwa, waɗanda ke jin juyawar kai, tare da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyin duwatsu ƙanana da ke jin karkata da saurin tafiya. Na uku su ne ƙananan majiya da ke cikin tsoka da gaɓoɓi, masu sanar da ƙwaƙwalwa inda kowane sashe na jiki yake ko da ido a rufe. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ita ke haɗa labaran, ta daidaita umurnin da ake aika wa tsokoki. Malamin kimiyya na iya nuna wa ɗalibansa wannan cikin sauƙi: a sa ɗalibi ya tsaya da ƙafa ɗaya ido buɗe, sannan ya rufe ido, za a ga yadda tangaɗinsa ke ƙaruwa da zarar an cire labari ɗaya daga cikin ukun. Hawan doki yana sa dukkan hanyoyin uku aiki tare, kuma likita na iya ƙara wahalar aikin ta hanyar sa a tsayar da doki a sake tayar da shi, ko a bi da shi kwana-kwana tsakanin turaku.

Yawancin yaran da ake kawowa hifotarafi masu lalurar raunin ƙwaƙwalwa ne da ke shafar motsi, wadda ke samun kimanin yara 2 cikin kowane 1,000 da aka haifa. Tana faruwa ne idan ƙwaƙwalwar da ke kan girma ta sami illa kafin haihuwa, ko lokacinta, ko jim kaɗan bayanta. Raunin ba ya ƙaruwa kuma ba ya warkewa, amma illarsa ga tsoka da gaɓoɓi tana iya tsananta in ba a kula ba. Alamarta mafi yawa ita ce sanƙarewar tsoka. Tsokokin matsematsi sukan ɗaure har ƙafafu su harɗe kamar almakashi. Zama bisa faffaɗan bayan doki yana buɗa cinyoyi a hankali na tsawon lokaci, rangajin tafiyar yana sassauta tsoka, ɗumin jikin doki kuma, wanda ke wajen digiri 38 a ma'aunin Salsiyas, ya ɗara na mutum da kusan digiri ɗaya. Wannan sassauci yawanci na ɗan lokaci ne, amma a cikinsa ne likita ke samun damar koyar da sabon motsi.

Ranar Ɗalibi Mai Sanin Makamar Aiki

Ɗaliban da ke zuwa waɗannan cibiyoyi sun fito ne daga fannoni kamar fisiyo, koyar da yara masu buƙata ta musamman, nazarin halayyar ɗan Adam, gyaran magana, da kimiyyar dabbobi. Wanda ya zo da zaton zai wuni bisa doki yakan sha mamaki, domin aikinsa na farko a barga yake. Zai share kashin doki, ya sauya ruwa, ya auna abinci, ya goge jikin doki, ya ƙwaƙule kofatansa. Za a koya masa jin bugun jini a ƙarƙashin muƙamuƙi, wanda ga lafiyayyen doki mai hutawa yake tsakanin 28 da 44 a minti. Zai sa a yi tafiya da doki a gabansa ya duba ko yana ɗingishi. Dalilin wannan a fili yake: dokin da ke ɗingishi zai ba ƙugun yaro karkataccen motsi, wato akasin abin da aka zo nema.

Kafin yara su iso akan taru a karanta bayanin kowannensu: lalurarsa, abin da likitansa ya hana, yadda yake sadarwa, da manufar darasin ranar. Manufar kan zama ƙarama kuma abin aunawa, alal misali yaro ya riƙe kansa tsaye na daƙiƙa talatin, ko ya saki mariƙi ya miƙa hannu ya ɗauki zobe. Bayanin sirri ne, kuma an hana ɗalibi fitar da shi ko ɗaukar hoton yaro ba da izinin iyaye ba.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaro guda yakan buƙaci mutum huɗu: malami ko likita mai ba da umurni, mai jan doki da ke gaba kamar zagi, da marafa biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Mai jan doki hankalinsa na kan doki kaɗai. Marafa kuwa hankalinsu na kan yaro kaɗai. Ɗalibi yakan fara ne da aikin marafi. Zai kama gaban sirdi ko majayi ya ɗora damtsensa bisa cinyar yaro ba tare da dannawa ba, ko ya riƙe idon sawunsa, bisa ga umurnin likita. Zai yi tafiya cikin rairayin fili na rabin sa'a hannunsa a ɗage, kuma in ya gaji ba ya saki sai ya faɗa an tsayar da doki an yi musaya.

Lokacin hawa da na sauka su ne mafi haɗari. Akan sa wa kowane yaro hular kwano daidai kansa. Wanda ke kan keken guragu akan tura shi bisa wani dandamali mai gangara wanda tsayinsa ya yi daidai da bayan doki, a shigo da dokin ya tsaya cik a gefensa, sannan wanda aka horar ya ɗauke shi ya zaunar. Wasu cibiyoyi na amfani da na'urar ɗagawa. Ba a taɓa ɗaure yaro a jikin doki, domin in doki ya firgita, tilas marafi ya iya rungumo shi ya janye shi nan take. Wannan saukarwar gaggawa ana ta maimaita ta da manya kafin a bar ɗalibi ya kusanci yaro.

Darasi mafi wuya ga sabon ɗalibi shi ne haƙuri. In malami ya ce wa yaro ya ba doki umurnin tafiya, ƙwaƙwalwar yaron na iya ɗaukar daƙiƙa goma kafin saƙo ya isa baki ko hannu. Ɗalibi mai tausayi yakan yi saurin maimaita umurnin, ko ya gyara wa yaro zama da zarar ya karkata. Ta haka sai ya ƙwace masa aikin da aka kawo shi ya yi. Ana koya masa ya yi shiru, ya jira, ya ba da taimako mafi ƙanƙanta da zai hana faɗuwa. Haka kuma murya ɗaya ce ke magana a fili, domin surutun mutum uku yana rikita yaron da ke fama da tattara hankali.

Bayan darasi sai rubutu. Ɗalibi zai rubuta abin da ya gani da adadi: sau nawa yaro ya karkata hagu, daƙiƙa nawa ya zauna ba tallafi, kalma nawa ya furta. Rubuta cewa yaro ya yi ƙoƙari ba ya amfanar likita. A nan ne ɗalibi ke koyon bambanci tsakanin abin da ido ya gani da abin da zuciya ke fata, wanda shi ne tushen kowane binciken kimiyya.

Zaɓen Doki da Kula da Shi

Ba kowane doki ne ya dace ba. Ana neman mai sanyin hali, mai cikakken hankali, mai tafiya daidai, kuma ba mai tsayin da zai gajiyar da marafa ba. Yawanci dandaƙaƙƙun dawaki ne da goɗiyoyi, ba a amfani da ingarma. Faɗin baya ma abin dubawa ne: yaron da cinyoyinsa suka ɗaure sosai siririn doki yake buƙata, wanda ba ya iya zama kuwa mai faffaɗan baya. Doki mai doguwar tafiya mai laushi yana kwantar da tsoka mai sanƙarewa, mai gajeren taku da sauri kuma yana farkar da tsoka mai laƙwas.

Sabon doki yakan yi makonni ana gwada shi. Za a tura keken guragu kusa da shi, a jefa ƙwallo ta kansa, a yi ihu ba zato, a sa babba ya hau ya riƙa karkata kamar yaro mara ƙarfi. Dole ɗalibi ya san cewa doki dabba ce da a daji farautarta ake yi, saboda haka in ya tsorata gudu yake fara yi kafin tunani. Idanunsa suna gefen kai, yana ganin kusan digiri 350 kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke daf da goshinsa ko bayan wutsiyarsa. Shi ya sa ba a zuwa masa ta baya ba tare da magana ba. Kunnuwa da aka kwantar baya, kaɗa wutsiya da ƙarfi, da cije-cije alamu ne na gajiya ko ciwo. Ɗaukar mahayin da ba ya daidaita nauyinsa aiki ne mai wahala ga bayan doki, don haka ake ƙayyade masa sa'o'in aiki, kuma cibiyoyi da yawa suna bin ƙa'idar kada kaya su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa. Dokin da ke da kilo 450 ke nan ba zai ɗauki fiye da kilo 90 ba, har da sirdi.

Waɗanda Bai Kamata Su Hau Ba

Akwai yaran da hawan doki zai cutar. Masu lalurar Dawun, wadda ke faruwa saboda ƙarin kwafi ɗaya na ƙwayar gado ta 21, sukan kasance da sakakkun jijiyoyin gaɓoɓi. A wasunsu ƙashin wuya na farko da na biyu ba su riƙe juna da kyau ba, kuma girgiza ko faɗuwa na iya sa ƙashi ya danne laka, abin da kan jawo shanyewar jiki ko mutuwa. Saboda haka ba a ɗora irin wannan yaro sai likita ya duba shi ya sa hannu. Sauran abubuwan da ke hana hawa sun haɗa da farfaɗiyar da magani bai shawo kanta ba, gocewar ƙashin kwatangwalo, tsananin karkacewar ƙashin baya, ƙasusuwa masu saurin karyewa, da gyambo a mazaunai. Yara 'yan ƙasa da shekara 2 ba a ɗora su, kuma darasin koyon hawa yawanci daga shekara 4 yake farawa.

Me Bincike Ya Nuna?

A 2003 William Benda da abokan aikinsa a Amurka suka auna wutar tsokokin yara 15 masu raunin ƙwaƙwalwa. Wasu suka yi minti 8 bisa doki mai tafiya, wasu minti 8 bisa ganga da ba ta motsi. Waɗanda suka hau doki ne aikin tsokokinsu na dama da hagu ya ƙara daidaita, abin da ke nuna cewa motsin ne ke aiki, ba buɗa ƙafafu kaɗai ba. A 2015 masu bincike a Koriya ta Kudu suka raba yara 92 gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Waɗanda suka yi hifotarafi na minti 30 sau biyu a mako har mako takwas sun fi sauran ci gaba a ma'aunin manyan motsin jiki da na daidaita tsayuwa.

A wannan shekara kuma Robin Gabriels ta Jami'ar Kolorado ta wallafa gwajin da ya ƙunshi yara da matasa 127 masu lalurar otizim, 'yan shekara 6 zuwa 16. Rabi suka yi mako goma suna darasin hawa, rabi kuma suka yi darussa a kan doki ba tare da sun taɓa doki mai rai ba. Rukunin farko ya nuna raguwar saurin fushi da rashin natsuwa, da ƙaruwar kalmomin da suke furtawa.

Sai dai ba duka sakamako ne ya zo haka ba. Wani gwaji da aka wallafa a 2009 daga Ostareliya, mai yara 99 da darasin mako goma, bai sami wani bambanci na a zo a gani ba a lafiyar yaran ko ingancin rayuwarsu. Bugu da ƙari, wannan fanni yana da matsalar da gwajin ƙwayar magani ba shi da ita: ba yadda za a ɓoye wa yaro ko iyayensa cewa ya hau doki, kuma fatan iyaye na iya shafar amsar da suke bayarwa. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne kuma na 'yan makonni. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, hawan doki yana taimaka wa wasu yara wajen zama da daidaita jiki da natsuwa, a matsayin ƙari ga sauran jiyya. Ba ya warkar da raunin ƙwaƙwalwa ko otizim, kuma duk wanda ya yi wa iyaye wannan alkawari ya yaudare su.

Darasi ga Ƙasar Hausa

Doki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, haka ma cutar da ta haifar da wannan fanni. An ga shan-inna ta daji ta ƙarshe a Nijeriya a jihar Barno a 2016, kuma a watan Agusta na 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita, amma waɗanda ta nakasa suna nan da ransu. Doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa kuwa suna cikin abubuwan da ke jawo raunin ƙwaƙwalwa, kuma dukansu ana iya rage su da awon ciki, haihuwa a asibiti, rigakafi da gidan sauro.

Wajibi ne a yi gargaɗi a nan. Ingarman hawan salla, wanda aka horar ga sukuwa da zamiya da linzami mai kaifi, ba shi ne dokin wannan aiki ba. Ɗora yaro mai nakasa bisa irinsa ba likita, ba hular kwano, ba horarrun marafa, ganganci ne da ran yaro. Ilimin ɗan barga game da halin doki dukiya ce, amma sai an haɗa shi da ilimin likitan fisiyo da na likitan dabbobi kafin ya zama jiyya.

Kammalawa

Ɗalibin da ya kammala watanninsa a irin wannan cibiya yakan fita da ilimi iri uku: sanin jikin ɗan Adam, sanin dabba, da sanin yadda ake auna ci gaba ba tare da son rai ba. Yakan kuma ga wani abu da ma'auni ba ya kamawa sosai, wato yaron da ya saba kallon mutane daga ƙasa, daga kan keke, yau ga shi sama da kowa, dabba mai kilo ɗari huɗu tana tsayawa saboda ya ce ta tsaya. Ga ɗalibin sakandare mai sha'awar wannan hanya, mafarinta ita ce riƙe darussan nazarin halittu, fiziks da kimiyyar sinadarai da kyau, domin su ne ƙofar karatun fisiyo da likitancin dabbobi a jami'a. Ga malamai kuma, tafiyar doki misali ne na kusa da za a koyar da aikin tsoka, jijiya da cikin kunne da shi, tun da da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa ganin doki na tafiya ba.